FILIN MATA: Siyasar Ingila Da Tamu Ta Gida

 

A makon jiya na yi muku alkawari za mu ƙarasa zancen abincin yaye, to, ku gafarce ni, yau wata magana ce ta sha gabana. Ran Asabar da ta wuce na je suna a nan cikin Dutse. Bayan an ci an sha, muna zaune a tsakar gida, sai wata yarinya 'yar sakandare ta ɗauko zancen matar nan Kemi Badenoch, wadda jam'iyyar Kwanzabatib ta Ingila ta zaɓa shugabarta a watan Nuwamba na 1924... a'a, ku yi haƙuri, na 2024. Ko da yake maganar ta kwana biyu, nan da nan gida ya ɗauka. Wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza, har mai jego ta leƙo daga ɗaki tana jin abin da ake ciki.

Ana nan sai gwaggon mai jego ta tsawata mana, ta ce, "Ku 'yan nan, ina ruwanmu da siyasar Turawa? Tamu ta nan ma me ta tsinana mana?" Wata uwargida kuma ta karɓe ta ce, "Gaskiyarki Gwaggo. Ni dai zaɓe a wurina ranar samun taliya ce da sabulu, in an yi sa'a har da turmin atamfa." Aka bushe da dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida na kwanta, sai dariyar ta koma mini ciki, na kasa barci. Shi ya sa na ce bari in kawo muku maganar nan, mu duba ta tare.

ABIN DA YA TA DA GARDAMAR

Ga wadda ba ta san Kemi ba, a Landan aka haife ta a 1980, iyayenta Yarabawa ne. A Ikko, watau Legas, ta yi ƙuruciyarta, sa'an nan ta koma Ingila tana da shekara 16. Ta shiga Majalisar Wakilai ta can a 2017, ta yi minista, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar. Abin da ya ɓata wa mutanenmu rai shi ne yawan kushe Nijeriya da take yi. A watan Disamba na 2024 har Mataimakin Shugaban Ƙasa, Kashim Shettima, ya mayar mata da martani, ya nuna cewa in tana jin kunyar asalinta ta iya cire Kemi daga cikin sunanta. A cikin watan nan kuma ta gaya wa wata mujalla ta can cewa ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har ta dangana mu da Boko Haram.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Ba ta kyauta ba. Mu ne Boko Haram ta fi kashewa, 'ya'yanmu mata ne aka kwashe daga makaranta. Wanda ya haɗa mai gida da ɓarawon da ya shigar masa gida a igiya ɗaya, ko dai bai san abin da yake faɗi ba, ko kuwa yana neman yabon waɗansu ne da mutuncin waɗansu. Wannan kam ba mu yi gardama a kansa ba a gidan sunan.

Amma fa Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da muka gama fushi, ba wadda ta yi tambayar da ya kamata mu yi, watau ƙaƙa aka yi 'yar baƙi, wadda ta isa ƙasar mutane tana budurwa, ta kai ga wannan matsayi, mu kuwa a ƙasar iyayenmu da kakanninmu ko kujera ɗaya ba mu da ita? Majalisar Dokokin Jihar Jigawa kujera 30 gare ta. A zaɓen 2023 maza ne suka hau dukansu, ba mace ko ɗaya. A Majalisar Dattawa ta Abuja mai kujera 109, mata 4 ne kacal suka samu shiga daga zaɓen nan, a ta Wakilai mai kujera 360 kuwa ba su kai 20 ba. Can Ingila, a zaɓen ran 4 ga Yuli 2024, mata 263 aka zaɓa cikin wakilai 650.

BA A KWANCE SUKA SAME TA BA

Kada ku zaci Turawa haka aka halicce su da son ba mata haƙƙinsu. Ko kusa! Shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, macen Ingila ba ta da ƙuri'a, ko da kuwa ita ce likitar garinsu. Mazajensu suna faɗin irin abin da muke ji a nan yau, wai siyasa ta fi ƙarfin kan mace, wai gida zai lalace. Wata mata ana ce da ita Emmeline Pankhurst ta tara mata suka yi ta fama. Aka yi ta kama su ana ɗaurewa. A gidan yari suka ƙi cin abinci, aka riƙa danne su ana ɗura musu ta hanci da roba. A 1913 wata daga cikinsu, Emily Davison, ta shiga filin sukuwa ana tsakiyar tsere, dokin Sarkin Ingila ya banke ta, bayan 'yan kwanaki ta cika.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, maza suka tafi fagen fama, mata suka riƙe ma'aikatu da gonaki da asibitoci. A 1918 aka ba waɗansu mata ƙuri'a, amma sai wadda ta kai shekara 30 kuma tana da abin hannu, ko ita ko mijinta. Sai a 1928 aka daidaita su da maza, kowa daga shekara 21. Ita Pankhurst ɗin ma ba ta ga ranar ba, ta rasu saura 'yan makonni a sa wa dokar hannu. Daga nan kuma sai da aka ƙara shekara 51 kafin mace ta zama Firayim Minista, watau Margaret Thatcher a 1979.

Ga wani abin lura. Turawan nan da suka ba matansu ƙuri'a a 1928, su ne suka mulke mu har zuwa 1960, kuma mace ce ma a kan gadon sarautarsu sa'ad da suka tafi. Duk da haka a babban zaɓen watan Disamba na 1959, wanda ya kai mu ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa suna gida. Ba laifin Turawa kaɗai ba ne, shugabanninmu na lokacin su ma sun ce lokaci bai yi ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ita ce ta tsaya a kan a ba mata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga NEPU tun tana yarinya, ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana da irinta, an lissafa sau 16 tana shiga gidan yari. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti nan da sunanta a Zariya.

Sai a 1976 gwamnatin soja ta buɗe wa matan Arewa ƙofa, babban zaɓen farko da suka shiga kuwa shi ne na 1979. Lokacin nan Dutse tana cikin Jihar Kano, domin sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke mana Jigawa. Kakata ta wajen uwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ta sha ba ni labarin ranar. Ta ce tana da 'ya'ya shida, da goyo a bayanta, ta yi wanka ta ɗaura zanen salla ta tafi, ta dangwala wa mabuɗi, ta dawo tana ɗaga yatsa tana nuna wa kishiyarta tawada. Ta ce ba wanda ya ba ta ko anini. To, ku duba, abin da kaka ta ɗaura wa zanen salla, shi ne jika take sayarwa a kan ƙullin taliya.

ABIN KOYI DA ABIN GUDU

Ban ce kome na Ingila abin koyi ba ne. A shekarar 2022 kaɗai Firayim Minista uku suka yi, Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, ita Truss ɗin ko wata biyu ba ta cika ba. An kashe musu 'yar majalisa, Jo Cox, a kan titi a 2016, an kuma kashe wani, David Amess, a 2021 yana cikin ganawa da mutanen mazaɓarsa. Tsarin ƙidayarsu ma su kansu suna gardama a kai, domin a 2024 jam'iyyar Leba ta sami wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, amma ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru. Ashe kowace ƙasa da irin nata ciwon. Amma akwai abu uku da na ga ya kamata mu duba.

Na farko, ƙuri'a tana da nauyi. Liz Truss ɗin nan da ta zauna a kujerar Firayim Minista, da aka zo zaɓen 2024 mutanen mazaɓarta suka kayar da ita, da ratar ƙuri'a 630 tak. Ku auna, ɗari shida da talatin. Matan da ke zuwa makarantun Islamiyya na unguwa biyu ko uku a Dutse sun fi haka yawa. Jam'iyyar Kwanzabatib da ta shekara 14 tana mulki ta koma da kujera 121. Da ƙarfe goma na dare aka rufe rumfuna, kashegari Sunak ya amsa ya faɗi, ya nemi gafarar jama'a, ya kwashe kayansa daga gidan gwamnati, Keir Starmer ya shiga. Ba wanda ya ɗauko gora.

Na biyu, wakili ba ya ɓacewa. Al'adarsu ce ɗan majalisa ya keɓe rana, galibi a ƙarshen mako, ya zauna a wani ɗaki cikin mazaɓarsa, duk mai kuka ya zo ya faɗa masa baki da baki, ko tsohuwa ce mai sanda. Mu kuwa fa? In tambaye ki, 'yar'uwa, kin san sunan wanda yake wakiltarki a Majalisar Jiha? Kin san kansilan mazaɓarku? Yaushe rabonki da ki gan shi tun ranar da motarsa ta zo da lasifika?

Na uku, ƙofar shiga ba ta da tsada. Mai son tsayawa takarar majalisa a Ingila fam 500 zai ajiye, kuma in ya sami kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u a mayar masa da abinsa. A nan kuwa, a 2022 jam'iyyar APC ta sa wa takardun neman takarar Majalisar Jiha naira miliyan 2, ta Wakilai miliyan 10, ta Dattawa miliyan 20. Gaskiya ne an yi wa mata rangwame, amma takarda ita ce ƙaramar ɗawainiya, babbar tana wurin wakilan jam'iyya masu tsayar da ɗan takara. Malamar makaranta ko ungozoma, a ina za ta samo? Wannan gyara ne da ya fi ƙarfin mace ɗaya, sai an taru. A watan Maris na 2022 an kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin a keɓe wa mata kujeru, suka yi watsi da shi. Ban yi mamaki ba, gama wanda yake kan tabarma da wuya ya matsa don kansa.

AMSA GA GWAGGO

Yanzu bari in koma ga maganar Gwaggo, cikin ladabi, don ta haife ni. Ta ce me siyasa ta tsinana mana. Gwaggo, ai siyasa tana cikin ɗakinki ko ba ki gayyace ta ba. Ran da naƙuda ta kama 'yarki da tsakar dare a ƙauye, ko akwai ungozoma a asibitin garin ko babu, ko akwai hanyar da mota za ta bi ko sai an ɗora ta a amalanke, waɗansu mutane ne suka zauna a Dutse suka yanke wannan sa'ad da suke rabon kuɗin shekara. Famfon unguwa da ya lalace yara mata suke sammakon ɗibar ruwa har su makara makaranta, shi ma haka. Da ambaliya ta auka wa jiharmu a daminar 2022, wa ya kwana a azuzuwan makaranta da jarirai, yana neman itacen da zai dafa abin da babu? Mu ne.

Ni ina koyarwa a wata makarantar firamare. A ajina yara sun fi ƙarfin kujeru, rabinsu a ƙasa suke zaune, in iskar hunturu ta taso sai mu toshe taga da kwali. Ban ce maza ba su damu ba, akwai masu ƙoƙari a cikinsu, Allah ya saka musu. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai abin da yarinya 'yar aji shida ba za ta iya gaya wa malami namiji ba, wanda yake hana ta zuwa makaranta kwana huɗu ko biyar a kowane wata don ba makewayi mai ƙofa. In ba mace a ɗakin da ake rabon kuɗi, wa zai tuna da ƙofar makewayi?

Na san waɗansu za su ce siyasa ba ta matan kirki ba ce, akwai zagi, akwai taron dare, akwai cuɗanya da maza. Ba ƙarya suka yi ba, ana yi. Amma in matan kirki duk suka janye, wa aka bar wa filin? Waɗansu kuma za su ce addini. Ni ba malamar fiƙihu ba ce, sai dai na san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, kuma manyan zamaninta suna jin shawararta. Ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin gidansu. Mace tana iya sa baki cikin sha'anin jama'a da lulluɓinta da kunyarta da yardar mijinta.

ABIN DA ZA MU IYA TUN YANZU

Ban ce kowacce ta fito takara ba. Ga dai abin da ko mai kulle za ta iya.

Ki nemi katin zaɓenki, ki adana shi a inda kike adana 'yan kunnenki na zinariya. Kada ki ba kowa ya riƙe miki, kada ki bari a kwafi lambarsa da sunan za a kawo tallafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum huɗu da suka yi rajista da ƙyar aka sami fiye da ɗaya da ya fita. Wadda ta zauna a gida ta ba wani aron bakinta ne ya ci mata albasa.

Game da taliya da sabulu, na san halin da ake ciki, ba zan zauna a kan albashi in yi wa mai yunwa wa'azi ba. Amma ki yi lissafi irin na kasuwar Shuwarin. Taliyar nan dare ɗaya za ta yi a tukunya, shi kuwa shekara huɗu zai yi a kujera. Wanda ya saye ki ya biya, ba ki da sauran bakin tambayarsa. Kuma ki sani a bayan labulen rumfa daga ke sai Allah.

Ku matan unguwa, kuna da adashi, kuna da ƙungiyar biki, kuna da Islamiyya. In mai neman ƙuri'a ya aiko, ku haɗa baki ku ce kun gode, amma ga buƙatunku guda uku a rubuce, ya sa hannu. 'Yar makarantar gidan ta rubuta, uwar adashi ta ajiye takardar. Bayan shekara ku nemi izinin mazajenku, ku tura mutum uku masu hankali su kai masa takardarsa su tuna masa. In ya cika, ku yaba masa a gaban jama'a. In ya ɓuya, kun san abin da mutanen Liz Truss suka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma matan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Miga ba hannu ɗaya ba ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ƙannena, da ku na fi yi. Da kin cika shekara 18 kin isa yin rajista. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Jiha da ta Wakilai daga 30 zuwa 25. Watau ke da kike aji uku na babbar sakandare yau, tsakaninki da kujerar nan bai fi shekara bakwai ko takwas ba. Ga jami'ar tarayya a nan Dutse tun 2011, ba sai an kai ki nesa ba. Ki riƙe karatunki, ki shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarku, ki koyi tsayawa ki yi magana ba tare da muryarki ta yi rawa ba, ki saurari labaran duniya maimakon waƙa kaɗai. In kin ji ana gardamar siyasar Ingila ko ta Amurka, ki kasa kunne ki ɗauki abin da zai amfane ki, sa'an nan ki juyo ki dubi mazaɓarku. Ranar da 'yar Dutse ko 'yar Jahun ta miƙe a zauren majalisa ta yi magana da ilmi da natsuwa, ranar ce muka ba Kemi amsa.

Ina so in ji daga gare ku, musamman iyayenmu da suka jefa ƙuri'a a 1979, ku sa jikokinku su rubuto mana yadda ranar ta kasance. Wadda kuma take ganin na yi kuskure, ta rubuto, filin nan namu ne duka, za a buga. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan abincin yaye, da yadda ake haɗa kunun gyaɗa da waken suya.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya ba mu basirar zaɓensu. Haza wasalam.

Taku,
Malama, Dutse.